Jak Ɗin Baba a Ƙarƙashin Gadon Mama

Ranar Asabar ɗin da dillali ya yi alkawarin zuwa ya tafi da motar Baba, motar ta wayi gari a karkace. Ni na fara ganinta. Na fito zubar da shara wajen ƙarfe bakwai, sai na ga tayar baya ta hagu ta kwanta a ƙasa, babu ko ɗigon iska a cikinta. Gaskiya zan faɗa, daɗi na ji. Na tsaya da kwandon shara a hannu ina murmushi ni kaɗai, har mai shagon da ke kallon gidanmu ya leƙo ya tambaye ni ko lafiya.

Mai Haƙuri muke kiranta. Shuɗiya ce, ko in ce a da shuɗiya ce, kuma ta riga ni zuwa gidanmu da wata huɗu. Baba direban babbar mota ne, shekara talatin da ɗaya yana kan hanya, in ya dawo gida hutu kuwa sai ya huta da tuƙa ƙarama. A cikinta aka kawo ni gida daga asibiti, a cikinta aka yi ta jigilar yayyena biyu maza zuwa makarantar kwana. Bara likitan ido ya duba Baba ya ce masa tuƙi ya ƙare. Baba bai yi gardama ba, don shi ba ya wasa da ran jama'a. Ya dawo gida ya rataye makulli a ƙusa. Amma kullum da safe sai ya ciro shi, ya ta da injin, ya saurare shi na minti biyar, ya goge gilashi, ya kashe.

Sati biyu kafin wannan Asabar, muna shan shayi, ya ce zai sayar da ita.

"Mota ba ta son zama," in ji shi. "Tunda babu mai riƙe ta, gara ta tafi inda za a more ta."

Babu mai riƙe ta! Ni fa ina zaune a gabansa ina shafa masa bota a burodi. Shekarata ashirin da bakwai, ina koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, lasin tuƙina ya shekara biyu a jaka, kuma duk ranar da ciwon bayan shugabar makarantarmu ya tashi ni nake kai ta gida a motarta. Baba ya san duk wannan. Ba wai ya taɓa cewa mace ba ta tuƙi ba. Abin ne kawai bai taɓa faɗo masa a rai ba. A wurinsa ni Auta ce, wadda ake aika ɗauko ruwa da sabulu idan maza sun gama da mota. Yayyena kuma kowa ya yi nisa, kowa da tasa motar mai sanyi, babu wanda ya waiwayi Mai Haƙuri. Na so in yi magana ranar, bakina ya yi nauyi. Mama ta dube ni, na dube ta, muka ci gaba da shan shayinmu.

Ban so a sayar da motar nan ba ko kaɗan. Ina son ta don kaina, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne tunanin abin da Baba zai riƙa tashi yi da safe idan ƙusar nan ta zama babu komai a kanta.

Na koma ciki na faɗa masa. Ya fito da takalmin wanka, ya tsuguna, ya bi tayar da tafin hannu yana lalube har ya tsaya a kan wani abu.

"Ƙusa ce," in ji shi. "Jiya da muka turo ta waje ni da mai shago don a wanke ta, a nan ta taka. Ƙarfe nawa yanzu?"

"Bakwai da kwata, Baba."

"Sha ɗaya mutumin nan zai zo. Ba zan miƙa wa kowa mota a durƙushe ba. Ki je ki ga ko mai faci ya buɗe, ya zo ya canza."

Ban san lokacin da maganar ta fito ba. "Ni zan canza, Baba."

Ya yi dariya har da tari. Ba dariyar raini ba ce, irin wadda ake yi wa yaro ce idan ya ce zai ɗauki buhu. Da ta raini ce ma da ta fi mini sauƙi. Mama tana bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta ce, "Ka bar ta mana. In ta kasa ai mai facin bai ƙaura ba."

"To," in ji Baba, yana share ido. "Buɗe but mu gani."

Na buɗe. Ga safaya, tayar ko-ta-kwana, nan kwance a raminta, ga jar alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa a bayan mota idan ta lalace. Shi ke nan. Babu jak na ɗaga mota, babu sifanar kwance noti, babu komai. Wannan fa but ɗin mutumin da ya taɓa juyo da mu daga hanyar biki don an manta da tocila.

"Baba, ina jak?"

Ya yi gyaran murya. Ya dubi sama, ya dubi bishiya, ya gyara hula.

"Ki tambaye shi dai," in ji Mama. "Shi ya san inda ya kai shi. Ni dai kada wanda ya taɓa mini gado ina ji ina gani."

Sai a lokacin na tuna. Wata takwas da suka wuce ƙafar gadon Mama ɗaya ta karye. Baba ya ce gobe zai kira kafinta, kafin goben kuma ya shigo da jak ya tokare gadon. Goben ba ta zo ba har yau. Mama ta rantse a ƙafafun gadon huɗu babu mai kirki kamar wannan, ko ƙara ba ta yi.

Na shiga ɗakin, na ɗaga zanin gado, na kwanta rubda ciki. Ga shi can tsaye da yanar gizo a jikinsa, yana ɗauke da gado cikin mutunci. Na kwaso tsofaffin littattafan lissafina guda tara na jera a gefensa, na sassauta shi a hankali har gadon ya zauna a kansu. Mama tana tsaye a kaina tana cewa in gadon nan ya karkata da ita, ni da ubana duk ba za mu ci abincin rana ba.

Daga nan aka shiga farauta. Hannun jak, wato ƙarfen da ake murɗa shi da shi, yana maƙale a reshen bishiyar tsakar gida, rediyon Baba na rataye a jikinsa. Weji, guntun katakon da ake tokare taya da shi don kada mota ta gangara, shi ke riƙe ƙofar banɗaki don iska ta daina buga ta. Faifan katakon da Baba ke shimfiɗa wa jak idan ƙasa ba ta da tauri kuwa, a kicin na same shi, Mama ta fi wata shida tana yanka albasa a kansa.

"Yanzu kuma a kan me zan yi yanka?" ta tambaye ni. "A cinyata?"

"Mama, wa ya ba ki wannan?"

"Babanki. Cewa ya yi in ɗauka, ba shi da sauran amfani."

Saura sifana. Na duba ko'ina ban gan ta ba, sai Baba ya ce can ƙasa-ƙasa in leƙa shagon maƙwabci. Na tsallaka titi, na tarar da ita jingine a bayan buhun sukari. Da ita mai shago yake janyo ƙofarsa ta ƙarfe idan zai rufe.

"Malama, ba ɗauka na yi ba fa," in ji shi. "Babanku ne ya kawo mini da hannunsa."

Na dawo da sifanar a hannu, dariyar da nake yi tun safe ta fara barina. Duk wanda na tambaya amsa ɗaya ce, Baba ne ya ba shi. Tun ranar da likita ya yi maganar nan Baba yake rabar da motarsa kaɗan-kaɗan, a cikin gidan da muke kwana muke tashi, kuma babu wanda ya lura a cikinmu. Mu dai mun ga gado ya tsaya, ƙofa ta daina bugawa, mun ce madalla. Tausayinsa ya kama ni, haushin kaina kuma ya fi tausayin yawa. Na zube kayan a gaban motar da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya.

Mama ta fito masa da kujerar roba, ya zauna a inuwa ya harɗe hannu.

"To, Auta. Abu na farko..."

Kafin ya ƙarasa na riga na buɗe ƙofa. Ta gefen mai zaman banza na shiga, don a gidanmu babu wanda yake zama a kujerar Baba, ko da wasa. Ina zama wani ƙarfe ya soke ni a cinya, na yi tsaki. Kujerar Mama ke nan. Tun ina 'yar firamare take ƙorafin akwai abin da ke sukarta a ciki, Baba yana cewa babu abin da ya sami kujerar, ita ce ba ta iya zama ba. Na miƙa hannu na ja birkin hannu har ƙarshe, na tura giya zuwa ta ɗaya, na fito.

"Na ji birki," in ji Baba. "Giya fa?"

"Tana ɗaya."

Na ɗauki jar alamar, na yi taku mai ɗan yawa a bayan motar na kafa ta a gefen titi, don layinmu masu babur ba sa kallon gabansu. Na dawo na cusa weji a ƙarƙashin tayar gaba ta dama, wadda ke kusurwa da tayar da ƙusa ta huda, na buga shi da dunduniya ya zauna. Sannan na fito da safaya na gara ta zuwa gabansa.

"Ka ji mini ita, Baba, kafin in wahalar da kaina."

Ya karɓi sifana ya ƙwanƙwasa tayar sau biyu, ya karkata kunne. "Tana da iska. Duk wata nake duba ta." Ya miƙo mini sifanar. "Wa ya ce miki a fara duba safaya?"

"Kai."

"Ni? Yaushe?"

"Ranar da Babban Yaya ya gama ɗaura taya, aka sauke mota, ita ma ta kwanta. Ka ce masa da ya duba tun farko da bai yi gumin banza ba."

"Kina wurin?"

"Ni ce mai riƙe buta."

Mama ta ƙyalƙyale da dariya ta koma ciki duba tukunya. Abin da Baba bai sani ba shi ne, duk darasin da ya ba yayyena a gindin bishiyar nan sau biyu aka ɗauke shi. Su suna ji suna hamma suna tunanin ƙwallo, ni ina tsaye da buta da sabulu ba ni da abin yi sai kallo.

Na ɗora sifana a noti na farko, motar tana ƙasa. Wannan ma daga kuskuren Babban Yaya na koya. Shi ne ya taɓa ɗaga mota tukuna sannan ya zo kwance noti, ya yi ta fama motar na rawa a kan jak, har Baba ya daka masa tsawar da ta sa kaji suka watse. Ana sassauta su ne taya na ƙasa, rabin zagaye kawai, zuwa hagu. Huɗu suka ba ni haɗin kai. Na biyar ya ce bai san zancen ba.

Na ja, na tura, na kira sunan Allah. Mai shago ya tsallako yana naɗe hannun riga.

"Malama, kawo in taimaka."

"Koma shagonka," in ji Baba. "Ba ta ce ta gaji ba."

Wannan maganar ta fi mini kwanon abinci. Na daidaita hannun sifanar ya kwanta ta hagu, na dafa motar da hannu biyu, na ɗora ƙafa ɗaya a kai na saki nauyina a hankali. Notin ya yi ƙas.

"Ya saki," in ji Baba tun kafin in faɗa.

Ƙasar ƙofar gidanmu yashi ce, don haka na shimfiɗa faifan Mama, warin albasa na tashi, na ɗora jak a tsakiyarsa. Na leƙa daga gefe na nemo wurin da aka yi wa 'yan tsagu biyu a ƙarfen ƙasan motar, kusa da tayar, na saita kan jak ɗin daidai nan. Na fara murɗawa. Da motar ta ɗan tashi sai na tura safaya kwance a ƙarƙashin gefenta, don in jak ya ci amana motar ta sami abin faɗawa a kai. Na ci gaba da murɗi har tayar ta bar ƙasa da kamar yatsa uku.

Na kwance noti na farko, ina neman inda zan ajiye, sai na ga abu a gabana. Baba ne ya cire hularsa ya miƙo, bakinta a sama. Haka yake yi tun muna yara, noti ba ya taɓa ƙasa, a hularsa ake zubawa. Ƙaramin Yaya ya taɓa zubar da su a yashi, aka kwana biyu ana tankaɗe da rariyar Mama. Na jefa notin a hular. Sai da na ɗan tsaya na share fuska da gefen mayafi, na ce gumi ne.

Biyar suka cika a hula. Na rungumo tayar na janyo, ta fito da nauyin da ban zata ba, na zauna daɓas a yashi. Yaran layi biyu da ke wucewa suka yi dariya, na harare su suka ƙara sauri. Na tashi na janyo safaya daga ƙarƙashin motar, na juya zan kwantar da tayar da na cire in tura ta a madadinta.

Ina juyowa na ga kujerar roba babu kowa. Baba yana durƙushe a gefen motar, ya zura hannunsa har kafaɗa a ƙarƙashinta yana lalube, kansa na shirin bin hannun. Motar kuwa babu taya a wannan kusurwar, babu komai a ƙasanta sai jak ɗin da ya yi wata takwas yana ɗaukar gado.

"Baba! Fito da hannunka!"

Ban san ina da irin wannan muryar ba. Ko ɗalibaina ba su taɓa jin ta ba. Na damƙi wuyan rigarsa ta baya na fizgo shi, muka zube tare. Mai shago ya tsaya da mudu a hannu, Mama ta fito da gudu babu takalmi. Layin ya yi tsit.

Jak bai motsa ba. Motar ba ta faɗo ba. Babu abin da ya faru, sai dai ni da na daka wa ubana tsawa a kan titi, a gaban maƙwabta, na kuma ja shi a ƙasa. Na ce a raina shi ke nan, mota ta tafi, kuma na haɗa da abin da ya fi mota.

Baba ya zauna a yashi yana kaɗe hannun riga. Fuskarsa babu fara'a.

"Ni kika yi wa ihu?"

"Ka yi haƙuri, Baba." Amma bakin da ya yi nauyi sati biyu yau ya ƙi rufuwa. "Kai ka ce jak na ɗaga mota ne, ba na riƙe ran mutum ba. Kai ka ce ko ɗan yatsa kada ya shiga. Kai ka ba mu labarin abokinka direba da har ya rasu da hagu yake cin abinci. In ka sake sawa, wallahi zan sake ja."

"Ke, Auta!" in ji Mama.

Baba ya ɗaga mata hannu. Ya daɗe yana kallon wajen motar, kallon da na san bai nuna masa komai sai shuɗin abu dishi-dishi.

"So na yi in ji ko ya zauna a wurinsa," in ji shi a hankali. "Idon ba ya gaya mini."

"To ka tambaye ni mana. Yana tsakanin tsagu biyun nan daidai. A tsaye yake, bai karkata ba. Faifan bai nutse ba."

"Kin tabbata?"

"Na tabbata."

Ya miƙo hannu na ɗaga shi, na mayar da shi kujera, Mama ta ɗauko hular da notunan ta ɗora masa a cinya. Ya jinjina kai. "Shekara talatin ina hana mutane," in ji shi. "Ci gaba da aikinki."

Na tura tsohuwar tayar ƙarƙashin motar. Na gara safaya, na saita ramukanta, na tallafe ta da ƙafa na ɗaga ta shiga. Baba yana miƙo mini noti ɗaya-ɗaya daga hula, ina ɗaurawa da yatsu har su kama, ina faɗa masa duk abin da nake yi da babbar murya kamar ina gaban allo. Na janye tsohuwar tayar, na sauke motar a hankali har ta zauna a kan ƙafarta, na zare jak. Sannan na ɗauki sifana.

"Na sama," na ce. "Yanzu na ƙasa da ke kallonsa. Yanzu na tsallaka."

"Kada ki bi su a jere."

"Ban bi ba, Baba. Tauraro nake zanawa."

Da na gama ya taso ya karɓi sifanar, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A na ƙarshe ya yi nishi, ya ƙara nishi, notin bai ko gezau ba. Ya miƙe yana riƙe da ƙugu.

"Ba laifi," in ji shi. A bakin Baba, wannan kalma ita ce lambar yabo mafi girma, Babban Yaya sau ɗaya ya taɓa samunta.

Na kwashe kaya na mayar but: jak da hannunsa, sifana, weji, faifai, jar alama, da tayar da za a kai faci. Mama tana kallon faifanta yana tafiya, ta buɗe baki za ta yi magana, ta fasa. Ina rufe but ɗin dillali ya iso a kan babur, sha ɗaya saura minti goma, yana ƙamshin turare. Ya gaisa da Baba, ya zagaya motar, ya sa ƙafa ya shuri sabuwar tayar. Na ga girar Baba ta motsa.

"Tsohuwa mai ƙarfi," in ji dillali. "To Baba, a ba ni makulli da takardu, akwai mai jira."

Na tsaya a gefe, hannuna baƙi ƙirin, zanina duk yashi, ina jiran a ce in ɗauko ruwa da sabulu.

"Tayarta ɗaya na but, sai an kai faci," in ji Baba.

"Ba komai, wannan ƙaramin abu ne. Ko babu safaya ma a haka zan tafi da ita."

"Ba komai, ka ce?"

"Ba komai, Baba."

Baba ya sa hularsa, da maiƙon noti da komai. Ya zura hannu a aljihu ya fito da makullin, ya juya shi a tafin hannu.

"Ɗana, ka yi haƙuri, na sa ka ƙona mai a banza. Ni na ce maka babu mai riƙe motar nan a gidana. To ban duba da kyau ba ne. Ka san idon nawa."

Ya miƙo makullin wajen da yake jin numfashina. Na tsaya kamar an dasa ni.

"Karɓi mana, hannuna ya gaji. Ki wanke hannu tukuna, kada ki ɓata mini sitiyari."

Dillali ya yi magiya, ya yi rantsuwa, ya ce mai jiran mutumin kirki ne, Baba ya bi shi da ban haƙuri har ya hau babur ɗinsa ya tafi yana ƙunƙuni. Ni kuwa na ruga ciki, na wanke hannu ina kuka ina dariya, sabulu na shiga mini ido. Da na fito Mama ta riga ta sa mayafi ta kame a kujerar baya.

"Ke kuma ina za ki?" in ji Baba.

"Duk inda za ku. Kun kwashe mini ƙafar gado da faifan yanka, ai sai na ga ƙarshen maganar."

"Wurin mai faci za mu fara," in ji shi. "A can Auta za ta sake bin notunan nan, don sukan saki in an ɗan yi tafiya. Daga nan sai kafinta."

Na buɗe ƙofar direba. Shekara ashirin da bakwai ban taɓa zama a wurin nan ba. Kujerar ta lotsa daidai jikin Baba, sai da na janyo ta gaba sosai kafin ƙafata ta kai. Na gyara madubi, na sa bel, na jira.

Baba ya zagaya ta gaban motar yana dafa ta, ya tsaya a ƙofar da bai taɓa shiga ta cikinta ba tun da ya sayi Mai Haƙuri. Ya buɗe, ya tattara riga, ya yi bismilla, ya zauna. Sai ya zabura har hularsa ta bugi rufi.

"Kai! Mene ne wannan a kujerar nan?"

Mama ta gyara zama a baya, ta harɗe hannu.

"Babu abin da ya sami kujerar," in ji ta. "Kai ne ba ka iya zama ba."

Na ta da mota.